Wa ke kulle sabis a cikin sabar? Sharhi kan manhajojin bayan fage da ke daina aiki ba zato

A ma'aikatun da aikinsu ya rataya a kan kwamfuta, akwai ƙorafin da masu kula da na'urori suka saba ji da sassafe: imel ya ƙi fita, firinta ta ƙi karɓar aiki, ko shafin da ɗalibai ke rajista ya ƙi buɗewa. Idan aka je ɗakin da babbar kwamfutar take, sai a tarar da ita a kunne, fitilunta na ƙyaftawa, fanka na juyawa, babu alamar ciwo. Sai an leƙa ciki sannan a ga wata manhaja guda da ya kamata a ce tana aiki tana kwance, an kuma rubuta a gabanta cewa an hana ta tashi. A tambayi kowa, kowa ya rantse bai taɓa ba. A buɗe ta a kunna, aiki ya dawo, bayan awa biyu ko kwana biyu a sake tarar da ita yadda aka same ta da farko.

Amsoshi biyu ne suka fi yawo a bakin mutane: ko a ce kwamfutar ce ta yi da kanta, ko a ce bairos ne. Ta farkon kusan kullum kuskure ce. Ta biyun takan zama gaskiya, amma ba ita ce ta fi yawan aukuwa ba. Hana manhaja tashi saiti ne da ake rubutawa a wani wuri sananne, kuma duk abin da aka tarar a rubuce akwai mai rubuta shi, ko mutum ko wata manhaja da aka ba iko. Gyaran da zai ɗore yana farawa ne daga gano wannan marubucin.

Ma'anar kalmomin

Sabar, wadda wasu ke kira uwar garke, kwamfuta ce da aka keɓe don yi wa wasu kwamfutoci aiki. Ita ke riƙe da rumbun bayanai, ita ke raba saƙonni, ita ke tantance wanda ya shigar da kalmar sirri. Ba a zama a gabanta yadda ake zama gaban kwamfutar tebur, kuma takan yi watanni ba a kashe ta ba. Akasarinsu suna tafiya ne a kan Windows Server na kamfanin Microsoft ko kuma a kan Linux.

Sabis kuwa, a bakin masu wannan sana'a, ba shi ne sabis ɗin wayar hannu ba. Manhaja ce ta bayan fage: ba ta da tagar da ake gani, ba ta jiran kowa ya latsa ta, tana tashi tare da na'urar tun kafin wani ya shiga da sunansa, ta ci gaba da aiki bayan kowa ya fita. Mutanen Linux suna kiranta daemon. Print Spooler da ke jera takardun da za a buga sabis ne, haka SQL Server da ke kula da rumbun bayanai, haka sshd da ke ba mai kula da na'ura damar shiga daga nesa.

Ruɗanin ya fi samo asali daga haɗa yanayi uku a kira su da suna ɗaya, wato "ya mutu". Akwai tsayawa: an ba sabis umarni ya tsaya, ya tsaya lafiya, kuma idan an sake kunna na'urar zai tashi. Akwai faɗuwa: ya mutu ba da umarnin kowa ba, saboda kuskure a cikinsa ko ƙarancin wani abin da yake buƙata. Sai kullewa: an canza saitin tashinsa ta yadda ko an sake kunna na'urar ba zai tashi ba. Sabis ɗin da ya faɗi, a cikinsa ake neman ciwon. Wanda aka kulle kuwa sau da yawa lafiyarsa ƙalau, a waje ake neman mai hannu.

Wani abu da ke yaudarar mutane shi ne kullewa ba ta tsayar da sabis ɗin da ke cikin aiki. Ana iya canza saitin yau, sabis ɗin ya ci gaba da aikinsa har mako shida, sai ranar da aka sake kunna na'urar ya ƙi tashi. Ranar da aka gano matsalar daban, ranar da aka yi ta daban. A wuraren da wuta ke yawan ɗaukewa, inda sabar ke mutuwa duk lokacin da batirin UPS ya ƙare kafin a tada janareta, akan ɗora wa ɗaukewar wutar laifi, alhali abin da ta yi kawai shi ne tona saitin da aka daɗe da canzawa.

Inda ake rubuta saitin

A Windows akwai manhajar da ke kula da duk sabis, sunanta Service Control Manager. Ita ke tada su idan na'ura ta tashi, ita ke tsayar da su, ita ke rubuta abin da ya faru da su. Saitin kowane sabis yana ajiye a cikin rajistar Windows, wato babban kundin saituna, a ƙarƙashin HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Services. A nan kowane sabis yana da wani gurbi mai suna Start mai ɗauke da lamba guda. Lamba 2 na nufin ya tashi da kansa, 3 na nufin sai an kira shi, 4 kuma na nufin an kulle shi. Lamba 0 da 1 na direbobin na'ura ne da ke tashi tun farkon kunnawa. Duk wanda ya yi ƙoƙarin tada sabis mai lamba 4 zai ga kuskure mai lamba 1058. Gaba ɗayan matsalar, idan aka tsefe ta, ba ta wuce wannan ba: wani ya mayar da 2 ta koma 4.

A Linux, yawancin manyan rassansa yanzu suna amfani da systemd, wanda Lennart Poettering da Kay Sievers suka fara a 2010. Red Hat ya ɗauke shi a fitowarsa ta bakwai a 2014, Debian da Ubuntu suka biyo baya a 2015. A nan akwai tarkon da ke kama waɗanda suka saba da Windows. Abin da systemd ke kira disabled bai kai kullewar Windows tsanani ba: an dai cire mahaɗin da ke sa sabis ya tashi tare da na'ura, amma ana iya tada shi da hannu, wani sabis da ke buƙatarsa ma yana iya jawo shi ya tashi. Kullewa ta gaske ita ce wadda ake kira masked, inda ake haɗa sunan sabis ɗin da /dev/null a cikin /etc/systemd/system, ta yadda babu umarnin da zai tada shi sai an cire wannan mahaɗin. Umarnin systemctl is-enabled shi ke nuna wanne ne daga ciki.

Masu hannu a kullewa

Babban wanda ake zargi a ma'aikatar da kwamfutocinta ke ƙarƙashin Active Directory, kundin Microsoft mai riƙe da asusun ma'aikata da na'urori, shi ne Group Policy, wato tsarin da ke ba shugabannin sashen kwamfuta damar rubuta doka sau ɗaya ta hau kan na'urori ɗari. A cikin dokokin tsaro akwai sashe mai suna System Services inda ake iya cewa sabis kaza a kulle yake a duk na'urar da ke rukuni kaza. Na'urorin suna komawa su karanta dokokin duk minti 90, da ƙarin wani lokaci na tsinke da bai wuce minti 30 ba, su kuwa sabar da ke riƙe da Active Directory ɗin kanta duk minti 5 suke dubawa. Bayan wannan, dokokin tsaro ana sake ɗora su duk awa 16 ko da ba a canza komai a cikinsu ba. Wannan ne ya sa mai gyara yake buɗe sabis da rana, ya koma gida da kwanciyar hankali, da safe ya tarar da shi a kulle. Halinsa ɗaya da ɗan kasuwar da ke buɗe rumfar da sarkin kasuwa ya ba 'yan gadi umarnin rufewa: duk zagayen da suka yi sai sun mayar da kwaɗo, kuma gardama da ɗan gadi ba ta da amfani tunda ba shi ya yanke hukuncin ba.

Sau da yawa ma ba a rubuta dokar don wannan sabar ɗin ba. An rubuta ta ne don kwamfutocin ma'aikata, sai wani ya matsar da sabar zuwa wani rukuni yayin gyaran tsari, ta faɗa ƙarƙashin dokar da ba tata ba. Wani abin lura shi ne cire dokar ba lalle ya mayar da sabis ɗin yadda yake a da ba, lambar 4 takan zauna a rajista har sai an gyara ta da hannu. A Linux irin wannan aikin manhajojin daidaita saiti ne ke yin sa, irin su Puppet da Chef da Ansible. Puppet, idan ba a canza masa lokaci ba, duk minti 30 yake zagayowa ya mayar da na'ura yadda aka rubuta masa.

Na biyu shi ne sabunta manhaja da ya katse a tsakiya. Wasu manyan manhajoji, kafin su maye gurbin fayilolinsu, sukan tsayar da sabis ɗinsu su kuma kulle su da gangan, don kada wani abu ya tada su ana cikin aiki. Idan an gama sai su mayar da kowane yadda yake. Misalin da ya fi shahara shi ne Exchange Server, manhajar imel ta Microsoft. Tana da ɗan rubutun umarni mai suna ServiceControl.ps1 da ke adana saitin kowane sabis, ya kulle su, sannan ya buɗe su a ƙarshe. Idan sabuntawar ta faɗi kafin ta kai ƙarshe, saboda faifai ya cika ko wuta ta ɗauke ko an fara ta ba da cikakken ikon admin ba, sai a wayi gari duk sabis ɗin Exchange a kulle, har da wasu na Windows da take dogaro da su. Masu kula da sabar da dama sun ɗanɗana wannan a watan Maris na 2021, lokacin da Microsoft ya fitar da gyaran gaggawa kan ɓarakar da ƙungiyar masu kutse da aka laƙaba wa Hafnium ke amfani da ita, kowa yana rige-rigen ɗorawa. Kuskuren da ke ƙara dagula lamarin shi ne sake fara sabuntawar ba tare da an fara buɗe sabis ɗin ba, domin manhajar tana iya ɗaukar kullewar a matsayin saitin asali, ta gama aikinta lafiya, ta bar su a kulle. Wajen buɗe su da hannu ma akwai tarko: ba dukkansu ne ya kamata su koma tashi da kansu ba, na POP3 da IMAP4 a asali sai an kira su.

Na uku shi ne tsaro na halal. Ƙa'idar masu tsaron kwamfuta ita ce duk sabis ɗin da ba a buƙata ƙofa ce da aka bari a buɗe. Cibiyar Center for Internet Security tana fitar da jerin shawarwarin abin da ya dace a kulle, Microsoft ma ya taɓa ba da shawarar kulle sabis biyu na wasannin Xbox da suka zo a cikin Windows Server 2016, inda babu wanda zai yi wasa. A watan Yulin 2021, da aka gano ɓarakar da aka kira PrintNightmare, hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta umurci ma'aikatun gwamnatin tarayyar ƙasar su kulle Print Spooler a kan sabar da ke riƙe da Active Directory. Kamfanoni da yawa a duniya sun bi sahu, wasu suka faɗaɗa dokar ta hau har kan sabar da aikinta kenan buga takardu. A irin wannan yanayi kullewar ba matsala ba ce a wurin wanda ya yi ta. Matsalar ita ce sashen tsaro bai sanar da sashen da ke gudanar da na'urar ba.

Akwai kuma hannun mutum kai tsaye: wanda ya yi amfani da manhajar msconfig ta Windows ya kulle tarin sabis don gwaji ya manta bai mayar ba, ko wanda ya sauke wata manhajar da ke alƙawarin ƙara wa kwamfuta gudu, abin da bai kamata ya kusanci sabar ba ko kusa.

Sai muguwar manhaja. Tsutsar Conficker da ta ɓulla a watan Nuwamban 2008 takan kulle sabis ɗin sabunta Windows da Windows Defender da cibiyar tsaro, don kada na'urar ta samu maganin da zai kore ta. Manhajojin da ke garkuwa da bayanai don karɓar kuɗin fansa sukan tsayar da sabis ɗin rumbun bayanai da na kwafin ajiya kafin su fara aikinsu, saboda fayil ɗin da wata manhaja ke riƙe da shi ba ya ɓoyuwa cikin sauƙi, kuma ba sa son a samu kwafin da za a dawo da shi. Ana gane wannan daga irin sabis ɗin da aka zaɓa. Idan riga-kafin bairos da manhajar ajiya da sabis ɗin rubuta abubuwan da suka faru suka kulle a dare ɗaya, wannan ya wuce gyaran mai kula da sabar shi kaɗai. A cire na'urar daga netwok a kira masu tsaro, domin wataƙila ɓarayin suna ciki ba su gama shiri ba.

Abin da ke kama da kullewa amma ba ita ba

Rahotanni da yawa da ke cewa an kulle sabis, idan aka duba sai a tarar saitinsa na nan a kan lamba 2, tashi ne dai ya gagara. Kowane sabis yana aiki ne da sunan wani asusu. Idan asusun mai kalmar sirri ne, aka canza kalmar ba a sabunta ta a saitin sabis ɗin ba, zai ci gaba da aiki har sai ranar da aka sake tada shi, sannan ya faɗi da kuskure mai lamba 1069. Tun daga Windows Server 2012 akwai asusu na musamman da ake kira gMSA, wanda tsarin ke canza wa kalmar sirri da kansa duk kwana 30, kuma ya magance wannan ciwon ga manhajojin da ke karɓarsa. Wani lokacin kuma jinkiri ne: Windows na ba sabis daƙiƙa 30 ya amsa cewa ya tashi, idan na'ura ta cunkushe a lokacin kunnawa sai wa'adin ya wuce, a samu kuskure 1053. Ko kuma sabis ɗin da yake dogaro da shi ne aka kulle, shi kuma ya faɗi da 1068, a yi ta bincikensa alhali ciwon na maƙwabcinsa ne.

Wurare biyu ne mai cewa "kwamfutar ce ta yi da kanta" yake da 'yar gaskiya. IIS, manhajar ɗaukar shafukan intanet ta Microsoft, idan ɓangaren da ke gudanar da wani shafi ya faɗi sau 5 cikin minti 5, takan dakatar da shi gaba ɗaya, masu ziyara su riƙa ganin kuskure 503. Haka systemd: idan sabis ya yi ta tashi yana faɗuwa fiye da sau 5 cikin daƙiƙa 10, sai ya daina tada shi, ya rubuta start-limit-hit. A duka biyun tsarin yana kare na'urar ne daga wahalar banza, kuma share alamar da systemctl reset-failed bai taɓa asalin abin da ke kada sabis ɗin ba. A Linux ɗaya daga cikin masu kada sabis a ɓoye shi ne ƙarewar RAM: idan ta ƙare, zuciyar tsarin takan zaɓi manhajar da ta fi cin wuri ta kashe ta, kuma sau da yawa rumbun bayanai ne ke shan wannan hukunci.

Bin sawu

Matakin farko, kafin a taɓa komai, shi ne tabbatar da yanayin da sabis ɗin yake. A Windows umarnin sc.exe qc tare da sunan sabis yana nuna saitin tashinsa da asusun da yake aiki da shi da waɗanda yake dogaro da su. A rubuta sc.exe cikakke, domin a tsohon PowerShell kalmar sc kaɗai wani umarni ne daban na rubuta fayil, kuma mutum zai ga babu amsa ya ɗauka komai lafiya.

Daga nan sai kundin System a cikin Event Viewer, inda kowane irin lamari yake da lambarsa. Lamba 7040 ita ce zuciyar binciken: tana nuna an canza saitin tashin sabis kaza daga kaza zuwa kaza, da lokacin da aka yi, da asusun da ya yi. Lamba 7034 da 7031 faɗuwa suke nunawa, 7000 gazawar tashi, 7045 kuma sabon sabis da aka girka, wanda ya cancanci kallo idan ana zargin kutse. Ba kowace 7040 ce abin tsoro ba. Sabis na Windows irin su BITS da Windows Modules Installer suna yawan canza nasu saitin tsakanin 2 da 3 a aikinsu na yau da kullum, sai an tace su kafin a ga wadda ake nema.

Idan asusun da ya bayyana na mutum ne, bincike ya zo ƙarshe, saura tambaya cikin ladabi. Amma galibi sunan da za a gani shi ne SYSTEM, wanda Group Policy da manhajar sabuntawa da riga-kafin bairos duk suke aiki da shi. A nan lokaci ne ke tona asiri. A ɗauki daƙiƙar da aka rubuta 7040, a duba me kuma ya faru a wannan daƙiƙar a kundin Group Policy da tarihin sabuntawa da jerin ayyukan da aka tsara wa lokaci. Tazarar da ke tsakanin kullewa da kullewa ita ma shaida ce: wadda ke dawowa cikin awa biyu ko bayan awa 16 tana nuna Group Policy, wadda ke zuwa ƙarfe biyun dare kullum tana nuna aikin da aka tsara, wadda ke zuwa bayan Talata ta biyu a wata tana nuna sabuntawar Microsoft. Umarnin gpresult /h yana fitar da rahoton duk dokokin da suka hau na'urar da sunan dokar da ta yi rinjaye.

Akwai lokacin da ba za a ga 7040 ba sam. Ko dai an rubuta lambar kai tsaye a cikin rajista ba a bi ta Service Control Manager ba, ko kuma kundin ya cika ya shafe tsofaffin bayanai, tunda girmansa na asali bai wuce megabait 20 ba. A nan sai a ɗana tarko a jira. Process Monitor, ɗaya daga cikin kayan aikin Sysinternals na Mark Russinovich da Microsoft ya saya a 2006, ana iya saita shi ya sa ido kan gurbin Start na sabis guda, ya kama sunan manhajar da ta taɓa shi. Don dogon jira, Sysmon ko binciken rajista na Windows, mai rubuta lamba 4657 a kundin Security, sun fi dacewa.

A Linux hanyar ta fi gajarta. Mahaɗin da aka yi zuwa /dev/null yana ɗauke da ranar da aka yi shi. Umarnin journalctl -u yana nuna tarihin sabis ɗin, tarihin apt ko dnf yana nuna abin da aka girka a wannan rana, kundin sudo kuma yana nuna wanda ya ba da umarni. Sai dai a wasu na'urorin kundin systemd a RAM yake zaune, yana gogewa duk kunnawa, sai an ƙirƙiri /var/log/journal sannan ya ɗore. Wanda bai yi wannan tun da wuri ba, ranar da yake neman shaidar jiya ba zai same ta ba.

Inda masana suka saɓa

Saɓani na farko a kan jeri ne: a fara kunnawa ko a fara bincike? Masu gudanar da aiki suna cewa kowane minti asara ne, marasa lafiya na layi, abokan ciniki na jira, a tada sabis a yi bincike daga baya. Masu tsaro suna cewa tada shi yana iya ɓata shaida, kuma idan an kulle shi ne don toshe ɓaraka, buɗe shi buɗe wa ɓarawo ƙofa ne. Hujjar kowanne tana da ƙarfi, amma tazarar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Adana kwafin kundin System da duba 7040 ta ƙarshe ba ya cin minti biyar, kuma waɗannan mintunan sun isa su nuna ko lamarin na gyara ne ko na kiran masu tsaro. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne "daga baya" ɗin ba ya zuwa. Aiki ya dawo, kowa ya watse.

Na biyu a kan tada kai ne. Windows na da shafin Recovery inda ake cewa idan sabis ya faɗi a sake tada shi, systemd ma yana da Restart=on-failure. Kusan kowa ya yarda wannan yana da amfani ga faɗuwar da ba ta yawaita ba. Inda ake jayayya shi ne rubutun umarnin da wasu ke ɗorawa ya riƙa duba sabis duk minti biyar, idan ya ga an kulle ya buɗe. Masu goyon baya suna cewa a ƙaramar ma'aikata mai mutum ɗaya a sashen kwamfuta, wannan ne ke ba shi damar yin barci. Masu suka suna cewa an haɗa manhajoji biyu faɗa ne kawai, ɗaya na kullewa ɗaya na buɗewa, kuma ranar da ɓarawo ne ya kulle, ko manhajar sabuntawa ce ta kulle don ta yi aikinta, rubutun zai ɓoye alamar ko ya lalata sabuntawar. A nan masu sukar sun fi hujja. Rubutun da ke aika saƙon gargaɗi ya bar saitin yadda ya same shi ya fi wanda ke gyarawa a ɓoye.

Abin da ke biyo baya

Sabis ɗin da mutuwarsa ke tada hayaniya, irin na imel da na shafin intanet, cikin minti kaɗan ake sani, kuma asararsa ta awanni ce. Waɗanda suka fi haɗari su ne masu mutuwa shiru. Idan sabis ɗin daidaita agogo ya kulle, babu mai lura har sai agogon na'urar ya kauce da fiye da minti 5, a nan tsarin tantancewa na Kerberos ya fara ƙin karɓar kowa, a yi ta canza kalmar sirri ba a san agogo ne ba. Idan na sabuntawa ne, na'urar za ta yi watanni ba ta karɓi gyaran tsaro ba. Idan na kwafin ajiya ne, ba za a sani ba sai ranar da faifai ya lalace aka je ɗauko kwafin jiya aka tarar na ƙarshe na watan da ya gabata ne.

Don haka ma'aikatun da suka ƙware ba sa tsayawa kan tambayar ko sabis yana aiki yanzu. Manhajojin sa ido irin su Zabbix da Nagios ana saita su su duba saitin tashin ma, su yi ƙara idan 2 ta koma 4 ko da sabis ɗin yana ci gaba da aiki. Ana tura kundin kowace sabar zuwa wata na'ura daban inda ba zai cika ya shafe ba, kuma mai kutse ba zai goge shi cikin sauƙi ba. Ana ajiye jerin saitin kowane sabis na ranar da aka gama girka na'urar, don a samu abin kwatantawa. Wasu kuma sukan sake kunna sabar da gangan a lokacin da aka tsara, da rana tsaka ana kallo, bayan kowane babban canji, domin duk kullewar da ke kwance ta fito a gaban waɗanda suka yi canjin.